Hannuwan da Na Ɓoye

Har yau idan na sayi tumatir na tarar da ɗan ganye a kansa, sai na murza shi na sunsuna yatsuna. Ba na iya hana kaina. Wanda bai taɓa tsinkar tumatir a gona ba zai ce wane wari ne kuma a tumatir? To, ba a jikin ɗan yake ba, a ganyen yake. Wani ɗaci ne mai kama hanci, kuma yana barin kore mai duhu a tafin hannu da ƙarƙashin farce, wanda sabulu ba ya fitar da shi sai ya kwana uku. Da wannan koren na yi firamare, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, farkon shekarun dubu biyu.

Garinmu garin ruwa ne. Ko da rani ya kai rani, kanal na nan shimfiɗe a bayan gari, ƙananan hanyoyi na ɗebe ruwa daga jikinsa zuwa gonaki. Kowane layin gonaki da ranarsa. Akwai ƙofar ƙarfe da ake murɗawa a buɗe, kuma makullinta na hannun mutum guda, shugaban ƙungiyar manoma. A layinmu hedimastan makarantarmu ne. An ba shi ne saboda shi ya iya shiga ofis ya yi Turanci. Shi ne kuma mijin Goggo, yayar Babana. Baba kuwa malamin aji shida ne a ƙarƙashinsa. Da safe Yallaɓai yake ce masa, da yamma a bakin kanal ya ce Shugaba, ranar sallah ya durƙusa ya ce Yaya. Duk inda Baba ya juya, mutumin nan ne a gabansa.

Hedimasta yana da gonar tumatir babba. Idan ya nuna, manyan motocin Kudu suka jeru a bakin titi, sai karatu ya tsaya. Ana gama taron safe za a ce 'yan aji huɗu zuwa shida su ajiye jaka, yau akwai darasin aikin gona. Darasin nan ba shi da allo, ba shi da jarrabawa, kuma ban taɓa ganin an yi shi a gonar wani ba. Mu bi gefen kanal a jere, kowa da kwando, mu sunkuya tun da sanyin safe har rana ta take. Kada in yi muku ƙarya, da farko murna muke yi. Wa zai ƙi gona ya zaɓi lissafi? Muna jifan juna da ruɓaɓɓe, muna cin nunanne da gishirin da muka ƙullo a bakin hijabi. Sai da muka shiga aji shida, jarrabawar shiga sakandare ta matso, na lura cewa rabin ajinmu ba ya iya karanta tambaya.

Malamai sun sani, kuma suna magana. A ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ofis akwai benci, nan suke zama da tara ana cin kwano ɗaya, kuma nan ake yanka Hedimasta ana soyawa idan ba ya nan. Da ya ɓullo sai kowa ya miƙe, har da mai karɓar masa babur. Dalili a fili yake. Kusan kowannensu yakan sa hannu a rajista da safe ya sulale zuwa tasa gonar, Hedimasta ya kau da kai. Ya rufa musu, su rufa masa. Ba wanda ya taɓa zama aka yi wannan yarjejeniya, amma duk sabon malamin da aka kawo, kafin wata guda ya haddace ta.

Abin da ya tunzura Baba, ƙawata ce. An yi wa gonar feshin magani da yamma, washegari aka tura mu tsinka. Wajen hantsi ta ce kanta na juyawa, ta fara amai, ta faɗi tsakanin kunyoyi. Baba ne ya goya ta a keke zuwa asibitin sha-ka-tafi. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma iyayenta ba su sake turo ta makaranta ba. A makon nan Baba ya zauna a zaure ya rubuta takardar koke zuwa ofishin ilimi. Malamai biyar suka yi masa alkawarin sa hannu. Ranar kai takarda, ɗaya ya tafi jana'iza, ɗaya matarsa ba lafiya, sauran ukun suka ce ya fara kaiwa tukuna, suna bayansa. Ya kai da sa hannunsa shi kaɗai. Kafin kekensa ya dawo da shi gari, labarin takardar ya riga shi, har da kalmomin da ke cikinta. Wani a ofishin ya buga wa Hedimasta waya ya karanta masa.

 Hedimasta ya ci gaba da amsa gaisuwar Baba da fara'a. Sai dai idan Baba ya doshi benci, hira ta mutu, kowa ya tuna yana da aji. Kwanon tara ya koma cikin ofis, ba a kiransa. Goggo ta daina shigowa gidanmu. Duk wannan mai sauƙi ne. A wannan shekarar, alkama muka shuka, kuma ta fara fitar da kai, lokacin da ba ta haƙurin ƙishi. Ranar ruwanmu ta zo, aka ce ƙofa ta cije, ana jiran mai gyara. Mako ya zagayo, aka ce har yanzu. Ƙofar nan kuwa lafiya ƙalau take buɗewa ga layin da ke gaba da mu. Na bi Baba gona na ga ƙasa ta tsattsage, ganye ya nannaɗe. Albashin malami ba ya riƙe gida irin namu, mai mutum goma sha. Alkamar nan ita ce abincinmu har damina. Baba ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murje ta a hannu, ya daɗe bai tashi ba.

Aka aiko cewa sufeto zai zo bincike ranar Talata. Ku ji ƙarfin hali: ranar Litinin ma sai da aka kai mu gona, domin motoci na jira.

Sunan Kaka, mahaifiyar Baba, aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata, ita kuma ta ce Takwara. Tsakanina da ita kullum tsokana ce. Amma da safiyar Talatar ta kira ni ɗakinta ba wasa a fuskarta. Ta zaunar da ni, ta kama hannuwana tana dirza su da toka da lemun tsami har suka fara zafi. Koren ya ƙi fita. Ta ce za a iya tambayata, tunda ni ce 'yar mai ƙara.

"Takwara, in an tambaye ki, ki ce ba a taɓa kai ku ba. Ki mayar da hannunki baya."

Na ce ai ƙarya ne, kuma Baba zai ji kunya. Ta ce in ya ji kunya zai warke, alkama in ta mutu ta mutu, kuma auren Goggo ma yana lilo. Na yi kuka, ta goge mini fuska da bakin zanenta, ta tura ni.

Sufeton ya iso da hantsi cikin farar mota. Ya fara shiga ofis, aka kai masa abinci daga gidan Goggo, ya yi kusan awa guda muna jin dariya. Sannan aka tara mu a fili, malamai a jere a gefe, Hedimasta tsaye daf da kafaɗarsa. Sufeton ya tambaya ko akwai wanda aka taɓa kaiwa gonar wani. Yara fiye da ɗari, ba wanda ya yi tari. Sai ya ce a fito masa da 'yar malamin da ya rubuta takarda, in ita ta faɗa, ya yarda.

Na fito. Ban san fili yana da faɗi haka ba sai ranar. Baba na hannun dama, ban kalle shi ba, takalminsa kawai nake gani. Na harɗe hannuwana a baya kamar yadda aka ce, na matse su har farce ya shiga nama.

"Yarinya, an taɓa kai ku tsinkar tumatir lokacin karatu?"

"A'a."

"Ɗaga murya."

"Ba a taɓa kai mu ba."

Ya rubuta wani abu ya rufe littafi. Da zai tafi na ga ana saka kwando biyu a bayan motarsa. Na gane ɗaya, domin ni na cika shi jiya.

Kafin la'asar ruwa ya shiga alkamarmu. Ranar Juma'a dattawa suka zaunar da Baba a zauren Hedimasta, gaban dukkan malamai, ya ba da haƙuri bisa ƙazafi. Hedimasta ya ce ya yafe, ai ɗan'uwa ne. Bayan wata guda takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura Baba wata makarantar 'ya'yan makiyaya mai aji biyu a ƙarƙashin bishiya, tafiyar awa biyu a keke. Shekara tara yana wannan hanya. Hedimasta kuwa ya yi ritaya da walima, har aka ba shi shaidar yabo a cikin gilashi. Alkamar ta yi kyau. Mun ci taliya, mun ci funkaso, ni ma na ci, yunwa ba ta bar ni na yi zuciya ba. Amma na tsani kaina. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, bai daina ce mini Uwata ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Na fi shekara ashirin ina ganin ni na kayar da shi.

Yanzu ni ma malama ce, a wata makarantar gwamnati cikin birni. Bencinmu na roba ne, hirarmu ta koma cikin waya, amma kwanon ɗaya ne. Shugabarmu tana kwasar 'yan mata daga aji su je gidanta wanki da girki, kowa ya sani. Na rubuta takarda. Malamai huɗu sun ce suna bayana. Mijin shugabar shi ya samar wa mijina aiki.

Da hutun da ya wuce na je gida da takardar a jaka. Kaka ta daɗe da rasuwa, Hedimasta ma haka. Na sami Baba a bakin gona, ya tsufa, gwiwoyinsa sun gama ƙarewa a kan keken nan. Na karanta masa, sannan na yi abin da na kasa yi tun ina aji shida. Na durƙusa na ce ya yafe mini ƙaryar da na yi masa a gaban mutane. Na ce Kaka ce ta sa ni, amma bakina ne ya faɗa.

Ya mayar da idonsa kan ruwan da ke bin kunya, ya ce:

"Uwata, ni na aiki Kakarki. Na kasa janye takardar, na kasa kallon alkamar, na kuma kasa kallon idonki in ce ki yi ƙarya. Ni ya kamata in durƙusa."

 Na tambaye shi to ni yanzu in kai tawa ko in bari. Ya ce ba shi da bakin ba ni shawara, abu ɗaya kawai zai roƙe ni: duk wanda na zaɓa, in yi shi da bakina, kada in aiki yaro.

Na dawo birni. An koma makaranta mako uku ke nan. Jiya ma an kwashi 'yan mata shida daga ajina, ina tsaye da alli a hannu. Takardar tana cikin jakata, ta fara yagewa ta wajen ninki, kuma kullum da safe sai na duba na tabbatar tana nan.