Katantanwar Dda Bassu

Duk wanda ya taso a ƙauyenmu, can bayan Alnif, ya san ba a nuna wa kowa rami. Ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya, sai dai ya ga ƙura a rawaninka ya yi ta hasashe. Ramin da kake haƙa a jikin tsauni, kana ciro halittun ruwa da suka zama dutse tun teku na kwance a nan, shi ne gonarka, tunda ruwan sama ya daɗe da mance hanyar garinmu.

Dda Bassu (Dda muke ce wa babba, don girmamawa) maƙwabcina ne, katanga ce kawai tsakaninmu. Ramin ubansa ya gada, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rarrafe a ciki da guduma da ƙusa, har ƙura ta bar masa tarin da ba ya jin magani. Da ramin nan ya ciyar da gida, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Ba shi da yawan magana, amma butar shayinsa ba ta sauka daga wuta. Baƙo bai taɓa wuce ƙofarsa da yunwa ba.

Wata shekara motar wasu masana ta mutu daidai ƙofar gidansa. Akwai Ustaz Mimun daga Rabat, da wata Bajamushiya Dakta Irmgard, da abokan aikinsu na ƙasashe daban-daban. Tuda, matar Dda Bassu, ta gasa gurasa, aka ci da tajin, miyarmu ta tukunyar ƙasa, aka zauna shan shayi. Nan idon Bajamushiyar ya faɗa kan wasu 'yan ƙananan katantanwa na dutse a bakin taga, irin waɗanda dillalai ba sa ko tayawa. Ta ɗauki ɗaya ta nuna wa Ustaz.

Ustaz ya yi bayani. Irin wannan katantanwa an same ta a ƙasar Bajamushiyar, an same ta a wasu tsaunukan Turai. In ta tabbata iri ɗaya ce, to teku ɗaya ya taɓa shayar da mu da su. Amma sai sun ga shimfiɗar dutsen da ta fito daga ciki.

"Dda Bassu, ka kai mu wurin mana," in ji Ustaz.

To, a wurinmu wanda ya ci gurasarka da gishirinka ba ka ce masa a'a. Tuda ta leƙo daga madafa ta yafito mijinta.

"Ka ce musu tarinka ya tashi."

"Haba Tuda, sun ci gurasata."

"To gurasar ce za ta mayar maka da rami in ya tafi? Ƙanenka ma bai san wurin ba!"

Washegari ya kai su. Suka yi ta zuwa shekara bayan shekara, suna awo, suna ɗaukar hoto, suna sumbatar kansa. Daga baya suka sanar da duniya cewa wurin ba shi da na biyu, ya kamata a kare shi. Ban ce mugunta suka nufa ba, kuma wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutanen da suka iya gano inda teku ya kwanta kafin a halicci ɗan Adam, sun kasa tunanin inda tsoho ɗaya zai samo abincin gobe.

Hukuma ta zo ta zagaye tsaunin da waya, ta kafa allo, ta kawo mai gadi daga wani gari. Babu wanda ya tambaya ko akwai mai ci daga wurin.

Ustaz ya dawo da hoton katantanwar a cikin gilashi, yana ta murmushi.

"Albishirinka, Dda Bassu! Mun raɗa mata sunanka. Yanzu ko a Jamus sai an ambace ka."

"Madalla, Ustaz. To sunana yana ciki, ni kuma ina waje?"

"Abin ya fi ƙarfinmu, wallahi. Amma muna magana da su."

Ni da nake zaune, saura kaɗan in fasa masa hoton a ka. Dda Bassu kuwa ya ɗaga buta sama ya cika masa kofi har da kumfa.

Yau yana goge duwatsun wasu a shagon wani dillali, matasa na tsokanarsa: "Dda, yaya katantanwa, 'yarka ta Jamus? Ta aiko?" Sai ya ci gaba da gugarsa.

Makon jiya wata motar baƙi ta tsaya a layinmu, suna neman ruwa. Suka ƙwanƙwasa ƙofarsa, shiru. Ni na san yana ciki. Ta kan katanga na hango shi tsugune a bayan ƙofa, kusa da butar shayinsa, ya toshe baki da rawani don kada baƙin su ji tarinsa.