Ƙullin da Baffa ya kawo daga Faru

Mun tashi da asubar Talata, amma ba mu bar Gusau ba sai da rana ta fito sosai, domin yanzu ba mai shiga hanyar Sakkwato da sauran duhu. Mu uku ne a mota: ni, da direba, da ɗan ƙanwata wanda ya yi karatun likita a Yukren, kowa Likita yake ce masa. Shi ya roƙe ni in raka shi zagayen kwana biyu a Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda yake kafa rassan wata ƙungiyar kishin ƙasa da yake fata ta zama jam'iyya wata rana. Ya ce mutane za su fi natsuwa idan suka gan shi tare da mai muryar da suka saba ji a rediyo. Na yi shekaru ina fassara labaran duniya, na kuma yi ritaya, don haka ba ni da uzurin aiki.

Daga Bunguɗu zuwa Maru gero ya fid da kai a gonakin bakin titi. Idan ka ɗaga ido nesa kaɗan, sai sabara da ciyawa a filayen da na san ana nomawa. Shingayen bincike sun yi yawa har direba ya daina rufe gilashi.

A hanya Likita ya sake ba ni labarin da na riga na ji sau da dama, na wata jam'iyyar 'yan kishin ƙasa da ya ga tasowarta a Yukren. Lokacin da ya isa can, 'yan tsiraru ne masu tsayawa da tuta a dandali ana wuce su. Suna share makabartun magabatansu, suna karanta sunayen waɗanda aka kashe, suna matsa wa kowa ya yi magana da harshen ƙasar. Kafin ya gama karatu sun ci kujerun ƙananan hukumomi, sun shiga majalisar dokoki. Ni ma na san labarin, domin na karanta shi a iska lokacin da yake faruwa. Abin da Likita ya ɗauko daga can shi ne cewa mutum ba ya tsayawa kan abin da bai taɓa da hannunsa ba. Sai ya ƙirƙiro tasa doka: duk mai son shiga ƙungiya ya zo da ƙasar gonar kakansa cikin tafin hannu, ya zuba a tukunya guda, ya faɗi sunan kakan, mutum biyu su shaida, sannan a ba shi kati. Tukunyar tana but ɗin mota, an kewaye ta da tsofaffin buhuna.

Mun samu Mafara cike, ranar kasuwarta ce. Rake da dankali da shinkafar Bakolori sun tare rabin titi. Na karya da waina da miyan taushe, mai wainar ta faɗi kuɗi, na zaci ta haɗa da na direba, ashe nawa ne ni kaɗai. An yi taron a harabar wata makaranta, ƙarƙashin dalbejiya. Zan faɗi gaskiya, abin ya taɓa ni. Na ga dattawan da siyasa ba ta taɓa ba su komai ba sai atamfa da sabulu suna kwance ƙullin ƙasa, suna kiran sunan kakansu, jama'a na amsawa, “Mun sani.”

Ana cikin haka wani tsoho dogo ya ratso, da sanda da malfa. Likita ya tashi da sauri ya durƙusa. Baffa ne, Bafulatanin da ya riƙe shanun mahaifin Likita shekara da shekaru a wajen Faru. Daga garken da ya kiwata aka sayar da shanun da suka kai Likita Yukren. Yanzu Baffa ba shi da ko saniya guda, 'yan bindiga sun kore su duka, noma yake yi. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Samarin da ke tsaron ƙofar kasuwar Maradun sun fara tambayar katin ƙungiya tun kafin a buɗe reshen can, kuma Bafulatanin da ba shi da shi ba ya shiga. Sati huɗu ke nan bai sayo wa matarsa maganin hawan jini ba, bai sayar da gyaɗarsa ba. Ya nuna wani ƙulli a tsumman shuɗi.

“Likita, ga tawa na kawo. Sun ce kai ad da tukunya.”

Sakataren reshen Mafara ya ce kowa a ƙaramar hukumarsa ake rubuta shi, Faru kuwa ƙarƙashin Maradun take, sai dai ya bari gobe a Maradun. Likita ya ce ba komai, Baffa ya shiga mota mu tafi tare. Haka muka zama huɗu.

Hanyar Bakura ta bi ta cikin shinkafa da magudanan ruwa, waɗansu na gudu, waɗansu sun cike da yashi da kwalabe. A nan aka kawo mana hoce da ƙuli da fura mai sanyi. Baffa ya ɗanɗana furar ya ce nonon gari ne, na gwangwani, ya tura wa direba. Direba ya ce shi cikinsa bai san bambanci ba, ya shanye. Taron Bakura ya fi na Mafara zafi. Wani manomi ya ce ƙauyensu ya watse, sai da ya saci jiki ya koma da tsakar rana ya ɗebo ƙasar gonar kakansa, ya gudo. Da ya zuba ta mutane suka yi kabbara. Wani saurayi ya karɓi lasifika ya ce daga yau za a san ɗan gida, a san baƙo. Aka tafa. Baffa yana zaune a inuwar mota, ƙullinsa a cinya.

Kafin mu juya Mafara na ja Likita gefe. Na tuna masa wayar da yakan yi mini daga Yukren, yana cewa ranar da 'yan jam'iyyar nan ke maci, shi da sauran ɗaliban Afirka ba sa fita daga ɗakin kwana.

“Kawu, wannan daban,” in ji shi. “Can ni baƙo ne da gaske. Baffa namu ne, gobe za ka gani.”

Mun kwana Mafara. Da hantsin Laraba muka kama hanyar Maradun. Titin siriri ne, direba bai yi wasa ba, bai kunna rediyo ba, babu mai magana sai Baffa da ke nuna mini wurare ta taga: nan mashaya ce da, can burtali ne da aka nome. Mun iske jama'a a wata babbar rumfa kusa da tasha. Shugaban reshen tsohon malamin firamare ne, mai magana a hankali. An gaya mini 'ya'yansa biyu aka kashe a gona bara. Ina faɗin wannan ne don kada mai karatu ya ɗauke shi mugu. Ni ban ga mugunta a fuskarsa ba.

Mutane suka yi layi, tukunya ta kusa cika. Aka zo kan Baffa. Ya tsuguna, ya fara kwance tsumma.

“Malam, ta gonar wa ce?” in ji shugaba.

“Gonata ce. Mai gari ya ba mahaifina ita tun ban yi kaciya ba.”

“Doka kaka ta ce.”

“Kakana bai yi noma ba, shanu ya bi. Shina kwance gefen burtalin Faru, in kuna so in kai ku.”

Wani daga baya ya ce, “Mu bi ka daji? Allah shi tsare!” Aka yi dariya, ba ta daɗi ba.

Likita ya tashi ya ce ya san Baffa tun yana goye, a kan wuyansa ya fara ganin garke. Shugaba ya saurare shi har ƙarshe.

“Likita, kai ka kawo muna wagga doka, ba mu muka yi ta ba. Ka san kakanai? In ka sani, ka shaida, a nemo na biyu.”

Likita bai san shi ba. Ya dubi rumfar, mutanen da ya yi wata da watanni yana tarawa, ya dubi tukunyar. Na ga yana lissafin abin da zai rasa idan ya karya doka a gabansu ranar farko. Sai ya ce a bar wa kwamiti ya duba batun. Shugaba ya juyo wurina, ya ce ko mutumin gidan rediyo na da abin cewa. Na ce ni ban san kakan Baffa ba. Gaskiya na faɗa, kamar yadda aka koya mini a wurin aiki, cewa kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Amma akwai abin da na tabbatar: na san ina dokar ta fito, na san a kan wa za ta faɗa, kuma ina da muryar da za a saurara. Na ɓuya a bayan ƙaramar gaskiya na bar babbar.

Baffa ya tattara ƙasar da ta zube a tabarma da gefen hannu, ya mayar, ya ƙulle. Ya yi wa rumfar sallama cikakkiya, ya yi wa shugaba ta'aziyyar 'ya'yansa, shugaba ya amsa kansa a ƙasa. Muka raka shi inda 'yan babur ke tsayawa. Biyu suka ce ba sa zuwa Faru, na uku ya yarda. Likita ya sa direba ya sayo maganin hawan jini a kemis, ya ba shi. Baffa ya karɓa ya yi godiya, sannan ya miƙa wa Likita ƙullin.

“Aje ma kwamiti, kada su ce ban kawo ba. Ka gaida Hajiya, mahaifiyarka. Ka ce mata gyaɗa ta yi kyau bana, sai dai ba wurin saidawa.”

Mun isa Gusau kafin la'asar. A hanya Likita ya yi waya sau da yawa, ana taya shi murna, rassa uku sun kafu cikin kwana biyu. Na yarda ƙungiyarsa za ta girma, domin na ga irin wannan girma a labaran da na karanta, kuma zafin da ke cikin mutanen nan na gaske ne. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, duk dokar da ta ce ga ɗan ƙasa, a lokaci guda take cewa ga wanda ba shi ba, kuma ba ɗan bindigar da ke daji take fara kamawa ba, domin shi ba ya zuwa neman kati. Tsohon da ya zo da ƙafarsa take kamawa.

Da aka sauke ni a ƙofar gida, na ga ƙullin a but, gefen tukunya, ba a ciki ba. Na ɗauka, Likita yana kallona. Yana nan kan teburina kusa da rediyo. Kasuwar Maradun ta ci sau biyu tun dawowarmu, kwamiti bai zauna ba, kuma maganin da aka sayo na sati uku ne.