Inda Rubutu Ke Zuwa In An Goge Shi

Idanuna ba rana ɗaya suka gaza ba. Wasulla ne suka fara ɓuya mini, sai in riƙa cike gurbinsu da abin da na sani a ka. Daga baya ɗige-ɗigen haruffa suka bi su. An yi mini aiki a asibiti, ido ɗaya ya ɗan washe, na gode Allah, amma likita bai ɓoye mini ba, ya ce ƙaramin rubutu kam sai haƙuri.

Haƙurin bai zo da sauƙi ba, domin ina da makaranta. Matan aure na unguwarmu a Dogon Dutsi suna taruwa a tsakar gidana bayan la'asar, muna bin littattafan ibada da waƙoƙin wa'azi na ajami, waɗanda na karanta a gaban mahaifina, Allah ya jiƙan sa. Wasu daga cikin matan sun girme ni. Ajami kaɗai suka iya, kuma babu wata malama kusa da ke karantar da shi. Na san ranar da na kasa ganin shafi, ranar ce za a naɗe tabarmi.

Ɗana da ke aiki a Yamai ne ya aiko mini da kwamfuta ta hannu, wadda wani ya riga ya mora. Ban san ta inda ake kama ta ba, sai na aika aka kira taubashiyata, ɗiyar kawuna. Ita lakwal, makarantar boko, aka sa ta tun tana ƙarama, ta yi shekaru tana buga takardun Faransanci a ofis har ta yi ritaya. Ina ce mata Madam, tana ce mini Malama, kuma duk cikinmu babu mai faɗi don girmamawa.

Ita ta ɗauki hoton littattafaina da wayarta, shafi bayan shafi, ta zuba su a ciki. Ta kunna wani abu mai ƙara girman rubutu, ta mayar da bayan shafin baƙi, haruffan kuma farare don kada haske ya soke mini ido. Ranar da na ga harafin mim ya cika gilashin, kansa kamar bakin ƙwarya, da wasalinsa zaune a sama, sai da na tashi na yi nafila. Makaranta ta ci gaba. Nakan ɗora kwamfutar a kan turmi da aka kife, in karanta baiti, mata su amsa.

Mun yi wajen damina biyu a haka kafin kwamfutar ta fara nauyi. Sai in danna, in jira, in ja carbi, sannan shafi ya fito. Ɗana kuma bai daina aiko da littattafai da karatun malamai ba, Madam tana ta zubawa. Wata rana muna tsakiyar babin tsarki na'urar ta ƙame ƙam, kamar jakin da aka labta wa kayan raƙumi. Mata suka zauna suna kallona ina kallon gilashi har aka kira magariba.

Washegari Madam ta zo, ta gyara tabaraunta, ta leƙa.

"Cikinta ya cika, Malama. Ko allura ba ta da wurin shiga."

"To wa ya cika shi? Ba ke ba?"

"Ni na ce ki gaji littattafai buhu-buhu? Dubi nan."

Ashe hannunta rawa yake yi in tana ɗaukar hoto, don haka kowane shafi sai ta ɗauke shi sau da yawa ko ɗaya zai fito sosai. Duk suna nan a jibge, masu kyau da masu hazo. Ta ce aikin ba wuya, a goge marasa kyau a bar masu kyau. Ta kama wani shafi ta ja shi zuwa kusurwa. Na matso da ido mai gani, na ga inda ta sake shi. Hoton kwando ne, irin na ofis, da takardu a cukuikuye a ciki. Shafin kuwa farkon littafi ne, bisimilla ce a samansa.

Ban san lokacin da na damƙe wuyan hannunta ba.

"Ina kinka kai shi?"

"Kwandon shara mana. Can komi ka zuwa in an goge."

"Sunan Allah kinka jefa a shara?"

"Ke, sake ni! Hoto ne, ba shara ta gaske ba."

"Fiddo shi."

Ta fiddo shi tana tsaki. A gidanmu ko guntun takarda aka gani a ƙasa da baƙin Larabci sai an ɗaga shi, an kakkaɓe, an soke a katanga. Ruwan wankin allo ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Da wannan na tashi, kuma da shi nake karantar da mata. Na ce mata ko kwamfutar za ta mutu, babu shafin da zai sake shiga kwandon nan. Ta ce to in jiƙa ta in sha, ta yafa mayafinta ta tafi.

Na koma karantarwa da ka. Kwanakin farko lafiya, domin akwai abin da ya zauna. Amma haddar tsufa rariya ce. Wata la'asar na tsallake baiti biyu ban sani ba, sai babbar ɗalibata, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta ce a hankali, "Malama, kamar akwai wani abu tsakani." Ta faɗi da ladabi, amma na ga sauran sun sunkuyar da kai. Na tuna cewa hukuncin salla nake koya musu, abin da za su ɗauka su yi ibada da shi. Ba zan ci gaba da ba su da kame-kame ba. Ko dai a gyara na'urar, ko in sallame su.

Da safe na je gidan Madam da ƙafata. Ta dube ni ta ce, "Baiwar gidanmu ta zo ban haƙuri?" Na ce na zo ne ta raka ni wurin mai gyara. Muka hau kabu-kabu biyu zuwa bakin kwalta, kusa da tasha.

Mai shagon matashi ne, da gemu da ɗangalallen wando. Na san yadda irinsu ke kallon mu masu allo da waƙoƙin da. Na zaci ko dariya zai yi, ko ya buɗe mini wa'azi. Madam ta rattaba masa labari rabi da Hausa rabi da Faransanci, tana nuna ni da haɓa. Ya saurara har ta gama, sannan ya kawo mini kujera.

"Inna, ni ba malami ba ne, ba ni ba da fatawa. Amma abin da na sani zan gwada miki, hukunci naki ne."

Ya jawo wata matacciyar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, ya kwance ƙusoshi, ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe, ya buɗe shi. A ciki akwai faifai mai ƙyalli. Ya ce irin wannan ne a cikin tawa, a nan komai ke zama. Ya sa mini shi a hannu. Na juya shi, na kai shi kusa da ido, na shafa da yatsa. Babu alif, babu ɗigo, sumul yake.

"Ina rubutun?"

"Babu shi nan, Inna. Alamomi ne kawai da na'ura ka ganewa. Sai kin kira shafi take zana miki shi da haske. In kinka rufe, ya tafi."

Madam ta yi caraf ta ce, "Kin ji ko? Kullum da magariba kina rufe ta da bisimilla a fuska. Ina take zuwa? Kin taɓa ganin ta zube a tabarma?"

Na zauna da faifan a hannu ina tunani. Abin da aka hana mu shi ne wulaƙanta rubutu, a bar shi cikin ƙazanta ko a taka shi. Nan kuwa babu takardar da za ta faɗi ko'ina, babu tawadar da za ta gangara kwata. Duk da haka na ce wa mai shagon hankalina ya yarda, amma idona ba zai iya kallon sunan Allah yana shiga kwando ba, ko da na hoto ne.

Ya ce yana iya cire kwandon gaba ɗaya, abin da aka goge ya wuce kai tsaye. Sai dai in sani, kwandon wurin jira ne, in mutum ya yi kuskure yana iya dawo da abinsa. In an cire shi, abin da ya tafi ya tafi.

"Kada ka soma," in ji Madam. "Da idon nan nata sai ta goge littafi sukutum ta ce ni ce."

"Ba a iya canza masa kama?" na tambaya.

"Ana iyawa. Mi kike so a sa?"

Sai na tuna mahaifina yana da wani tulu a kusurwar zaure. Duk shafin da ya yage ko gara ta ci, a ciki yake ajiye shi, in ya cika a kai shi wuri mai tsarki a binne. Na ce tulu nake so. Akwai mai sayar da tukwane a tsallaken hanya. Madam ta tsallaka da wayarta ta ɗauko hoton tulu, ta dawo tana mita wai matar ta ɗauka ciniki za a yi. Ya zaɓi hoton da ya fi fitowa, ya yi ƴan danne-dannensa, sai ga jan tulu zaune a kusurwar gilashi inda kwandon yake. Ya goge sunan Faransancin da ke ƙasa ya rubuta tulu.

"Abu ɗaya ne fa," in ji Madam. "Zane kawai anka canza mishi."

"Na sani. Ke ma ai ba da zanen aikin gida kike zuwa idi ba."

Mai shagon ya sunkuya yana dariya cikin gemu.

Aikin tacewa ya ɗauke mu kwanaki. Da hantsi Madam take zuwa, mu zauna a inuwar darbejiya. Ita ta jera hotunan shafi ɗaya, ni in duba wanda wasullansa suka fi fitowa, sauran in ce bisimilla ta kai su tulu. Sau ɗaya muka tura mai kyau bisa kuskure, ta ciro shi tana yi mini gwalo kamar yarinya. Da muka gama na sake bin littattafan daga farko zuwa ƙarshe, na tabbata babu shafin da ya ɓace, sannan na ce ta juye tulun. Ta danna. Ban ji komai ba sai sanyi a rai.

Na aika wa mata cewa gobe akwai karatu. Suka zo har da waɗanda suka fara ja da baya. Na ɗora kwamfutar a kan turmi, na buɗe babin da muka tsaya. Kafin in ɗauke yatsa shafi ya fito. Na karanta, suka amsa, na danna, wani ya fito. Daɗi ya ɗebe ni ina ta wucewa, har mai ƙuli-ƙuli ta ɗaga hannu.

"Malama, a yi a hankali. Mu ba a yi mana gyara ba."

Na koma baitin farko, muka sake ɗaukowa.