Ruwan Alwalar Iya

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar mutanen Ringim da Miga, a shekarar ne ɗakin mahaifiyata ya zube a ƙauye. Allah ya sa ba ta ciki. Na je na ɗauko ta da ƙullin kayanta da butarta ta ƙarfe, na kawo ta gidan da nake haya a Dutse, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Iya muke ce mata. A shekarar ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata a gemu.

Ba don karanta jarida na shiga ba. Ni da matata mun daɗe da aure, babu haihuwa. Ta taɓa samun ciki a farkon zamanmu, ya zube, daga nan shiru. Sa'o'inta duk an daina kiransu da sunansu, sai Maman wane, Maman wance. Ita kuwa har yaran unguwa sunanta na yanka suke kira. Mun sha rubutu, mun sha sassaƙe. Da muka ga shekaru suna ja, muka tafi asibiti.

Malamar asibitin ta ba mu ma'aunin zafin jiki, ɗan siriri, farin roba, da 'yar taga inda lamba take fitowa. A gida tsinke muke ce masa. Ta ce idan mace ta saki ƙwai, zafin jikinta yana ɗan ƙaruwa, ƙaruwar da tafin hannu ba zai ji ba, sai tsinken. In aka yi watanni ana rubutawa kullum, za a gane ko ƙwan yana zuwa, da kwanakin da yake zuwa.

"Amma da sharaɗi, Baba," in ji ta. "Tana buɗe ido za a sa mata a ƙarƙashin harshe. Kafin ta sauke ƙafa ƙasa, kafin ta sha ruwa, kafin ma ta ce maka ina kwana. In ta tashi ta yi zirga-zirga, awon ya lalace. Wa zai riƙa rubutawa?"

Muka dubi juna. Matata ta sauke Alƙur'ani, amma ba ta yi boko ba. Na ce ni.

"Ka iya?"

"Zan iya."

Bulo nake bugawa. Hannun da ya saba da shebur bai san fensir ba, sai da na karya da yawa. Bayan la'asar muke zama a wata firamare, a kan bencin yara, gwiwoyinmu sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Na roƙi malaminmu ya fara koya mini lamba kafin baƙi. Abokan aikina suka sa ni gaba, wai tsoho zai zama akawu, wai a tanadar mini ofis da fanka. Ban gaya wa kowa dalili ba.

Kullum ladan ya kira sallar asuba sai in farka, in laluba tsinken a ƙarƙashin matashi, in taɓa kafaɗarta. Ta buɗe baki, mu yi shiru har ya yi ƙara. In haska fitilar waya, in kwafi lambar a hankali a takardar da aka ba mu, in ɗiga mata ɗigo a gidanta. Sannan in tafi masallaci. Ina fitowa nakan tarar da Iya a ƙofar ɗakinta tana alwala da ruwan ɗumi, saboda sanyin ƙashi yana damunta. Ban taɓa tambayar kaina yaushe aka ɗora ruwan ba. Mai buga bulo in ya kwanta, ko ɗaukarsa aka yi ba zai sani ba.

Da muka mayar da takardar, malamar ta daɗe tana kallo. Ɗigon ya hau, ya sauka, ya hau, kamar haƙoran zarto. Ta ce ba ta ga komai a ciki ba, mu ƙara wasu watannin. Muka ƙara, aka sake samun zarto. Ta ce watakila ƙwan ne ba ya fita. Aka rubuta magani, aka tura mu Kano gwaji, na sayar da akuyoyin da na bari a hannun ƙanena. Maganin ya riƙa sa matata jiri da ciwon kai, ta sha ba ta ce uffan ba. Ni kuma na ɗauka hannuna ne yake kuskure, na ƙara dagewa a aji.

Wata asuba da sanyi ina miƙa hannu ƙafata ta taɓa tata. Sanyi ƙalau, da yashi a tafin. Zanenta kuma yana ƙamshin hayaƙi, sabon hayaƙi, ba na tuwon jiya ba. Na bari tsinken ya yi ƙararsa, sannan na ce, "Daga ina kike?"

Ta ja zane ta rufe ƙafafunta. Nan na gane, na sake tambaya.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwan Iya."

Ashe kiran assalatu na fari take tashi, ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta juye a butar ƙarfen, ta ajiye a ƙofar Iya, sannan ta dawo ta kwanta ta rufe ido ta jira ni.

"Ba ki ji abin da malama ta ce ba?"

"Na ji, Malam. To in bar tsohuwa ta yi alwala da ruwan randa? In ta tambaya in ce mata me? In ce ina kwance ina jiran ɗanta ya sa mini tsinke a baki?" Ta share ido da bakin zane. "Na ce ai ina dawowa in kwanta. Na ɗauka jiki zai koma yadda yake."

Ban yi faɗa ba. Uwata ta yi wa hidima. Na ce daga gobe ni zan ɗora ruwan.

Washegari ina tsugune gaban murhu, hayaƙi yana cika mini ido, sai ga Iya ta ɗaga labule.

"Kai! Me nake gani? Ina 'yar tawa?"

"Tana kwance, Iya."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Hutawa ake so ta riƙa yi da asuba."

"Wa yake so?"

"Asibiti."

Iya ta tsaya tana kallona. Sai na ga fuskarta ta buɗe, irin buɗewar da rabona da gani tun ina yaro. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi. Kada ka ƙara cewa komai, ba a faɗa. Allah ya raba lafiya."

Ban gyara mata zato ba. Ɗa ba ya zama ya yi wa mahaifiyarsa bayanin ƙwai da kwanakin matarsa. Na ce a raina nan da wata biyu ko uku watakila maganar ta zama gaskiya.

Na sayo fulas, muka riƙa cika shi da ruwan alwalar Iya tun dare. Iya ta hana matata daka da ɗaukar bokiti. Ta fara tara itacen wankan jego, irin wanda ake dafa wa mai haihuwa ruwa da shi. Duk mai jakin da ya wuce da itace sai ta tsayar da shi, ta zaɓi masu kauri, kirya da marke, ta sa a jera mata a jikin katanga, ta rufe da tsohon buhu. Ko tsinke ɗaya ba ta yarda a ɗauka a yi girki. Matata takan bi ta ɗaya gefen tsakar gidan don kada ta wuce ta gabansa.

Takardar kuwa ta gyaru. Ɗigon ya riƙa tafiya a ƙasa, sannan ya hau ya zauna, kamar dakali. Ranar da malamar ta nuna mini hawan da bakin biro, na gane shi da kaina kafin ta yi magana. Ta ce ƙwan yana zuwa, amma ba kowane wata ba, kuma shekaru sun ja. Ta ce da an samu wannan tun bara, da ba a sha wancan maganin a makance ba. Ta faɗa a hankali, ba da zargi ba.

Muka bi kwanakin. Kowane wata ɗigon ya hau, mu riƙe numfashi, sai wata asuba in ga lambar ta faɗo. Ni nake fara sani, kafin jikinta ya gaya mata. Takan dubi fuskata a hasken waya, ta juya ta fuskanci bango. Wannan ne abin da karatu ya fara ba ni.

Iya ta riƙa kallon cikin matata ta gefen ido. Damina ta zo ta wuce. Ba ta taɓa tambaya ba. Wata rana dai na lura mai jaki ya yi sallama, ta ce masa a kai kasuwa. Da yamma ta kira matata ta ce ta zo ta tsefe mata kai, suka daɗe zaune tare.

Da sanyi ya dawo Iya ta kwanta ciwo, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Matan da suka zo yi mata wanka suka nemi ruwan ɗumi, babu wani itace a gidan sai nata. Matata ce ta yaye buhun da hannunta. Abin da ya ragu aka dafa abincin masu zaman makoki da shi.

Tsinken yana nan a ƙarƙashin matashi, wata asubar mukan sa, wata mu bari. Ajin ma ina zuwa. Abin da ya tafi: akuya uku, shekara guda ta awon banza daga 'yan shekarun da suka rage wa matata, tarin itace ɗaya, da Iya, ba ta ga jika daga gare ni ba.