Kawu Garba da Robar Famfo

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin Kawu Garba daga Wara ya san ba a sauka da busasshiyar ƙafa. Tun gaɓa na can nesa sai ka ji ya kashe inji. Jirgi ya yi ta sulalawa, ya je ya tsaya inda ƙarfinsa ya ƙare. In an yi sa'a ruwa iya gwiwa, in ba a yi ba iya ƙugu. Sai ya harɗe hannu ya ce, "To jama'a, mun iso. Wanda duk ka son tudu, ga shi can."

Wata rana Hajiya mai goro ta ƙi sauka. Ta ce, "Malam Garba, ni kuɗin har gaɓa na biya."

Ya ce, "Hajiya, kuɗɗin jirgi kinka biya, ba na mai ba. Mai tsada garai. Ruwan ga kuwa kyauta Allah Ya ba mu, shi ma shi yi nashi aiki."

Ta tattare zane ta sauka tana rantsuwa ita da jirginsa har abada. Kasuwa ta zagayo, ita ce ta farko a ciki.

Ni ce Ladi, 'yar ƙanwarsa, mai suyar kifi a bakin ruwa. A hannunsa na tashi, don haka kada wani ya ce ina yi wa mamaci sharri. Da yana nan da shi zai gyara mini inda na rage. Mutum ne da bai taɓa biyan kuɗin farko ba a rayuwarsa, kuma bai yarda wani ya biya a madadinsa ba. Babban ɗansa Sani ya taɓa kawo masa takalmi tsaraba daga Kontagora. Ya juya shi, ya lanƙwasa shi, ya tambayi nawa aka saya. Da Sani ya faɗa, sai ya miƙa hannu.

"Da ni nat tahi, rabin hakanga ni ka biya. Kawo canjina."

Sani ya zaci wasa ne. Sai da ya biya aka sa wa takalmin albarka.

Abin da ya sa ake haƙuri da shi, ya san ruwa. Yana yaro aka tare kogi, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, itatuwan kuma suna nan tsaye a ƙasa, kututturansu na jiran cikin jirgi. Kawu ya san su da sunayen masu gonakin. Sai ka ji ya ce, "Ga tsamiyar su Maiɗaki," ya ɗan karkata hannun inji, ku wuce lafiya. Mata da 'ya'yansu da buhunansu sun gwammace jiƙa zane a jirginsa da su isa tudu a jirgin wani yaro.

To sai ido ya fara ba shi matsala. Mu na gida muka fara lura. Ya taɓa tsayawa a tsakar gida ya gaida turmi da aka yafa wa zane, har da tambayar yara, ya dawo yana faɗan matan yanzu ba su amsa gaisuwa. Muka yi dariya a ɓoye. Dariyar ta tsaya ranar wata kasuwa da ya hau kututture da jirgi cike da mata. Allah Ya sa akwai masunta kusa, ba a rasa rai ba, sai hatsi da wata akuya. Da aka tambaye shi, cewa ya yi, "Ba nan yake ba. Matsowa yay yi."

Da ƙyar muka kai shi asibiti a Yauri. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, aiki ba zai dawo da ita ba, sai dai magani a rage mata sauri. Muka fito Inna, matarsa, na share hawaye, shi kuwa har da fara'a.

"Kun gani? Da kun yi hasarar kuɗɗin aiki a banza."

A hanya Sani ya lallaɓa ya ce ko zai huta ya bar wa yara jirgin. Kawu ya ce, "Ran da kag ga na bar ruwa, tahi ka sawo likkahwani. Kuma kak ka biya kuɗɗin hwarko."

Daga nan kowa ya kama bakinsa. Mu tsoronmu shi ne wata rana ya tafi da jirgi guda na mutane ƙasan ruwa. Shi kuma, a yadda na san shi, ya gwammace komai da a ce a bakin ruwa Garba ya makance 'ya'yansa sun karɓe jirgi. Duk safiyar kasuwa in na ji ƙarar injinsa sai in kasa ko juya kifi.

Ana cikin haka injin ya daina fitsari. Wanda bai sani ba, injin jirgi yana da wani siririn ruwa da yake tsartarwa ta baya, shi ke nuna yana shan ruwa yana sanyi. In ya ɗauke, to robar famfo ta mutu, wata 'yar roba ce mai fikafikai da ba ta cika tafin hannu ba. Kawu ya sa aka ɗauki injin zuwa rumfar Baba Bulus makanike, wadda ke jikin inda nake kafa kaskona.

Baba Bulus abokinsa ne tun suna samari. Ran Lahadi in ya tafi coci Kawu ke zama gadin rumfa, ran Juma'a shi ke duba wa Kawu jirgi. Tsakaninsu ba a ciniki kafin aiki, sai an gama, kuma wannan ne ya ɗaure Kawu. Baba Bulus ya kwance ƙafar injin, ya sa sabuwar roba, ya tayar da shi a cikin durom, ruwa ya tsarto ras. Ina kallo ya ɗago ya tsaya yana duban Kawu, wanda ke lalube da ƙafa yana neman benci. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Direba, dubu ashirin."

Ni kaina sai da na saki matsami. Kowa ya san aikin bai kai rabin haka ba.

Kawu ya ce, "Robar zinari ta? Na saya dubu biyu, har da kuɗɗin hannunka."

"Albarka."

"To kwance abarka."

"Ba ni kwance aikin da nig gama."

Dokar bakin ruwa kuwa sananniya ce, inji ba ya barin rumfa sai an sallami mai gyara. Baba Bulus ya rataye shi a kan katako ya rufe da buhu. Kawu ya rantse ba zai bari a cuce shi ba ko da zai shekara a tudu. Jirgi dai ba a bar shi zaune ba, Sani ya yi hayar inji ya sa ƙanensa a kai, wai kafin a gama rigima.

Rigima kuwa ta zama sana'a. Kullum da hantsi Kawu zai zo ya zauna a bencin, in kawo masa kan kifi, su buɗe ciniki daga inda suka tsaya jiya. In Kawu ya hau zuwa dubu biyar, sai Baba Bulus ya ce kaya sun tashi a Onica, yanzu ashirin da biyar ne. Kawu ya kira shi ɓarawon zaune, shi kuma ya kira Kawu mai ƙulle aljihu da kwaɗo. In azahar ta yi Baba Bulus ya miƙa masa buta, in ya idar su ci gaba. Matuƙa jirgi har jinkirta tashi suke don su ji yadda za a kwashe yau.

Ni abin ya fara ci mini rai, domin mutane sun fara cewa Bulus azzalumi ne, wasu har sun ɗauke injinansu sun kai wani wuri. Wata ranar da Kawu ya tafi masallaci na tsallaka na same shi.

Na ce, "Baba, tsakani da Allah, abokinka za ka yi wa haka?"

Bai ɗago daga abin da yake gogewa ba. Ya ce, "Ladi, in na sallama mishi yau, gobe ina za shi?"

Na juya na dubi injin da ke rufe da buhu.

"To koma ga kihinki, yana ƙonewa. Kuma ban ce miki komai ba."

Na koma, kunya ta ishe ni. Tun daga ranar, kan kifi biyu nake kaiwa rumfar.

Da surutu ya yi yawa Sarkin Jirgi ya kira su ƙarƙashin ɗorawar bakin tasha. Ya saurari kowa, ya tambayi wasu makanikai, ya yanke dubu takwas. Ba a ja da Sarki a gaban jama'a. Baba Bulus ya sunkuyar da kai ya ce ya sallama. Na ce a raina shi ke nan, gobe Kawu na kan ruwa. Sai ga shi ya gyara zama.

"Ranka shi daɗe, ni dubu biyu nit taya."

Sarki ya ce, "Malam Garba, jiya an ce ka kai bakwai."

"Jiya ke nan. Na kwana na yi tunani."

Sarki ya kakkaɓe riga ya ce su je can su ƙarata, shi yana da aikin yi. Mutane suka watse suna cewa taurin kan Garba sai Allah. Ni ma haka na ɗauka, na gode wa Allah da Ya yi shi marowaci.

Aka ci damina a haka, ruwa ya cika ya fara ja. Rannan ga wani Alhaji baƙo, dillalin shinkafa daga Jega, ya kawo injin ban-ruwa gyara. Ya zauna yana jin tsofaffi biyu suna zagin juna a kan roba, tausayi ya kama shi. Mutumin kirki ne, abin da ake yi a ko'ina shi ya yi. Ya zura hannu a aljihu ya ajiye kuɗin gaba ɗaya a kan teburin Baba Bulus.

"Haba dattawa. Na ɗauke muku, don Allah a bar maganar. Baba mai jirgi, ɗauki injinka."

Ban taɓa jin bakin ruwan Wara ya yi tsit irin na ranar ba. Baba Bulus ya tsaya da sifana a hannu. Kuɗi sun cika, a gaban shaidu, ba shi da sauran abin faɗa. Ya je ya yaye buhun a hankali. Kawu ya tashi, ya lalubo injin, ya shafa murfinsa, ya kama igiyar tayarwa ya riƙe. Ni dai ina ta salati a zuci.

Can sai ya saki igiyar, ya juyo wajen da yake jin numfashin abokinsa.

"Bulus, wata nawa injin ga na kwana rumhwarka?"

"An daɗe, Direba."

"Kai wane irin makanike na, ba ka amsar kuɗɗin ajiya?"

Mutumin da ya karɓi canji a kan tsaraba, yau shi ke tuna wa mai gyara ya ƙara masa kuɗi. Baba Bulus ya jawo buhun ya sake rufe injin.

"Ina amsa. Dubu talatin na."

"Ɓarawo! Aradu ba ni biya."

Ya koma ya zauna a bencinsa. Alhaji, bawan Allah, ya sake kai hannu aljihu. Ban san lokacin da na tsallake kasko ba. Na danƙa masa kifi mai zafi a takarda, hannu biyu, na ce ya zo ya ga wani abu a bayan rumfa. A can na mayar masa da kuɗinsa da Baba Bulus ya turo, na roƙe shi ya yi sadakarsa a wani wuri. Da na dawo na tarar Baba Bulus ya ba mutane baya yana goge fuska da tsumman baƙin mai, ya mai da kansa dodo. Kawu na ta faɗa a kan tsadar ajiya.

Da aka yi kiran azahar ya tashi zai tafi. Kullum shi kaɗai yake tafiya, wanda ya kama masa hannu ya sha zagi. Ranar sai ya tsaya a bakin rumfa, rana na tsakiyar ka, ya ce, "Ladi, taho ki shiga gaba. Hanyar ga ta yi duhu." Ya ɗora hannu a kafaɗata. Muka ratsa tasha a haka, kowa ya kau da kai kamar bai gani ba. Ban yi magana ba, don in na buɗe baki kuka zan yi, kuma zai ji.

Bai sake hawa ruwa ba, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa cewa an karɓe wa Garba jirgi ba. Abin da ake cewa, yana rigima da makanike. Bayan sadakar bakwai Baba Bulus ya ɗauko injin a kafaɗa, da tsufansa, ya kawo ƙofar gida ya jingine. Sani ya fito da kuɗi ya ce nawa ne duka. Ya ce, "Mai da abinka. Da shi ni ka ciniki, ba da kai ba." Ya juya ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Garba, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Duhun da ya sha shi kaɗai yana ɓoye mana, Allah Ka musanya masa da haske a kabarinsa. Baba Bulus kuma, Allah Ka ba shi haƙurin zama a rumfar nan ba abokin faɗa. Amin.