Baƙon Holan a Zauren Garinmu

Ko zan manta da zafin ranar Sabha ta ƙasar Libiya da ƙurar siminti da na shaƙa shekara biyar, ba zan manta da wata Juma'a ɗaya ba.

Lokacin ina aikin gini, ina kwana a unguwar Tayuri, cikin wani gida da muka cika shi mu goma sha wani abu. A cikinsu mutum ɗaya ne kawai ɗan garinmu, sauran duk haɗuwar neman abinci ce. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne wani zaure na intanet da malamin lakwal, wato makarantar bokon garinmu, ya buɗe, wanda kowa ke kira Mushe, yadda muke kiran malamin boko da Faransanci. A can ake sa labarin damina, da suna, da wanda ya dawo daga tafiya. Idan na taso daga aiki jikina duk ya mutu, sai in jingina da bango in buɗe zauren, in ji kamar ina ƙofar gidanmu.

Wata rana aka sa hoton sabon ajin da aka gina wa yara. Ni kuwa da ganin bangon na ga ya ɗan karkace. Allah ya yi ni da saurin baki, ga kuma ɗan taƙamar wanda ya yi gini a ƙasar waje. Ban tambayi wanda ya yi aikin ba, sai na rubuta cewa ko makaho aka ba bulo ba zai jera haka ba. Can sai Mushe ya turo mini saƙo ni kaɗai, ya ce, "Kawunka ne ya gina shi. Idonsa ya fara rauni tun bara, kuma kyauta ya yi wa yara. Ka goge maganar nan, ka ba shi haƙuri gaban jama'a."

Kawun nan shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya fara riƙe hannuna ya koya mini ɗora bulo. Kunya ta kama ni, amma maimakon ta sa ni sunkuyar da kai, sai ta koma mini taurin kai. Na amsa wa Mushe cewa gaskiya ɗaci gare ta, karkatacce karkatacce ne ko wa ya gina. Kashegari na tarar an rufe mini ƙofar zauren.

Na buɗe sabon suna, zauren ya ƙi buɗuwa. Abin mamaki, ɗan garinmu da muke gida ɗaya shi ma ya kasa shiga, alhali bai ce uffan ba. Na ɗauki wayata na tafi unguwar Jadid, wurin wani Bakano mai gyaran waya, mutum mai furfura da son barkwanci. Ya saurare ni, ya yi dariya.

"Malam, ai ba sunanka kaɗai aka kulle ba, har da IP ɗinku," in ji shi. "Duk wanda zai fita intanet, da lamba yake fita, kamar lambar gida, don amsa ta san inda za ta dawo. Ku duka waya-fai ɗaya kuke sha, ƙofarku ɗaya, lambarku ɗaya. Mai zauren ba ya ganin fuska, ƙofar yake gani. Kai ka yi laifi, an haɗa da maƙwabcinka."

Na ce, "To, babu dabara?"

"Dabara ai ba ta ƙarewa. Akwai VPN. Kamar ka ba wani ɗan aike ne a wata ƙasa ya miƙa maka wasiƙa, sai a ga adireshinsa, ba naka ba. Sai dai ka sayi sabuwar shafra, don da tsohuwar lambar wayarka suka san ka." Shafra ita ce abin da Libiyawa ke kiran katin waya. Yana cikin saita mini abin ya ɗago kai ya ce, "Amma fa da ni ne, haƙurin nan zan bayar, ya fi arha." Na yi kamar ban ji ba.

Wayata shafra ɗaya take ci, don haka na zare tsohuwar na jefa cikin gwangwanin shayi. Na shiga zauren da sunan wani baƙo, wai masoyin garin ne da ke zaune a ƙasar Holan. Aka yi mini maraba. Ranar na ji kamar na ci yaƙi. Ɗan garinmu kuwa ya daina yi mini magana, bayan sati biyu ya kwashe kayansa ya yi Tarabulus.

Ba a jima ba na gane irin shigar da na yi. Ba ni da ikon sa murya, don kowa ya san muryata. Ba ni da ikon tsokanar abokan wasana, ko tambayar ko an yi shuka a gonarmu. Idan an ambaci gidanmu sai in wuce kamar ban san shi ba. Wata uku ina leƙe kamar ɓarawo, ina gaida mutanen da suka goya ni da "sannunku jama'a". Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba, har kwanakin da na yi cikin sahara a bayan mota ba su kai shi ba.

Sai waccan Juma'ar. Mun sauko daga masallaci, babu aiki, gidan ya watse kowa ya tafi ziyara. Ina zaune a inuwar katanga na buɗe zauren, sai na ga "Inna lillahi" jere reras. Kawuna ne. Tun ranar Laraba ya rasu, an riga an kai shi. VPN ɗin ya kwana biyu yana ƙin kamawa, shi ya sa ban gani ba.

Na yi ta karantawa. Wani ya rubuta, "Wa ke da lambar ɗansa na Libiya? Tun yana jinya muke kira, a kashe." Wata gwaggona ta sa murya tana kuka, ta ce marigayin ya yi ta tambaya ko an same ni. Lambar da suke kira kuwa tana nan cikin gwangwanin shayi, taku biyar daga inda nake zaune.

A garinmu idan an yi rasuwa, ɗan gida shi ke zama kan tabarma a zo a gaishe shi. Ni ne babba cikin waɗanda ya rena, ni ya kamata a ce wa "ya haƙuri". Ga shi ina cikin zauren, ana nema na, amma a matsayin baƙo. Abin da nake jin kunyar faɗa shi ne, sai da na rubuta, "Allah ya ba iyalansa haƙuri," na tura. Wani ya amsa, "Amin, mun gode baƙonmu." Wannan godiyar ce ta karya ni. Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da babu mai cewa in yi shiru.

Da na natsu, na kashe VPN ɗin, na ɗauko tsohuwar shafrata na mayar, na kira Mushe. Na faɗa masa komai. Da na gama sai ya ce, "Na yi ta zargin kai ne. Mutumin Holan da ba ya leƙowa sai an tashi daga aikin gini? Na bar ka ne ina jiran ka buɗe baki da kanka. Da na san ajali na kusa, da ban jira ba." Ya buɗe mini ƙofa a take. Na sa muryata, na faɗi sunana, na ba da haƙuri gaban kowa. Duka maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Mutane suka yi ta yi mini gaisuwa, amma wanda haƙurin yake nasa bai ji ba.

Yanzu idan samari suka tambaye ni ko ana iya kauce wa kulle a intanet, sai in ce musu ana iya, ni shaida ne. Lamba ana sauya ta, adireshi ana aron sa. Amma wanda ya shiga gidansu ta katanga da fuskar aro, ko an kira sunansa ba shi da bakin amsawa. Da na koma gida na je na ga ajin. Bangon yana nan da ɗan karkacewarsa, yara suna karatu a ciki, kuma ban bari kowa ya gyara shi ba.