Mai Gadin Faifai Uku

Ina zaune a asibitin ƙashi ina jiran hoton gwiwar Baba, ina hango wata mata ta ƙofar wani ɗan ɗaki. Doguwa ce, za ta kai shekara hamsin, tabarau a goshi, ta ɗaure mayafi a ƙugu kamar mai shirin daka. A gabanta akwai kwamfutar da ke ajiye hotunan majinyata duka, an buɗe cikinta.

Nas ɗin da ke kula da layinmu ta leƙa. "Anti, mutane fa sun fara surutu."

"Su yi," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Faifai uku ne ke riƙe da hotunan nan tare. Ɗaya ya mutu, na sa sabo, sauran biyun suna cika shi. In wani ya sake mutuwa kafin su gama, komai ya tafi. Kada wanda ya taɓa mini soket."

Zama ya gagare ta. Tana zuwa taga tana dawowa, tana kara kunne a jikin ƙarfen. Allon yana nuna kashi sittin da ɗaya cikin ɗari, ya ƙi gaba. Ina jin ta taɓa yin doguwar jinyar wani, don irin wannan sauraron masu jinya ke yi wa numfashin marar lafiya.

Can lambar ta koma sittin da biyu. Ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa gefen kwamfutar a hankali.

"Yauwa," ta ce. "Daure dai, kada ki ba ni kunya."